Sunan da Ban Rubuta Ba

Talata, 2 ga Satumba, bayan azahar

Jiya da hantsi aka fito da Illo daga ɗakin aiki. Sun yanke masa hanji kamu ɗaya, sun ɗinke. Yau da ya buɗe ido, abin da ya fara tambaya shi ne ko an rufe shagonsa. Na ce an rufe, kuma mai balangun ƙofar shagon ya aiko da gaisuwa, yana kukan rashin babban mai sayensa. Ya so ya yi dariya, ɗinki ya hana shi.

Ƙanena ne, shekararsa arba'in da bakwai, ni na goya shi. Shekara biyu yana ganin jini in ya zaga, yana cewa basir ne, yana ɗirkar jiƙe-jiƙe, bai gaya wa kowa ba sai da ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa. Lokotoro, wato likita, ta kira abin da sunansa: ciwon daji na babban hanji. Matarsa ta fashe da kuka a baranda. Ni ban yi ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli, goma sha biyu daga ciki ni ce shugabar lakwal, wato makaranta, a Sabon Gari, ba a taɓa ganin hawayen Madam Kubura a bainar jama'a ba, kuma ba a asibiti za a fara gani ba.

Wannan kayen, littafin rubutu, ragowar na 'yan aji ne. Na ɗauko shi don rubuta lokutan magani, ga shi na ɓige da zuba surutu a ciki.

Alhamis, 4 ga Satumba, ƙarfe huɗu na yamma

Lokotoro ta tambaya wa ya fi sanin tarihin gidanmu. Kowa ya juyo ya kalle ni, kuma da gaskiyarsu.

Yarinya ce, sa'ar ɗiyata Salima, amma ta san aikinta. Ta ɗauko farar takarda, kowane namiji ta zana masa ɗan akwati, kowace mace ta yi mata zobe, ta ce in faɗi wanda ya rasu, da abin da ya kashe shi, da shekarunsa. Na jero mata ba tare da na yi tuntuɓe ba. Babanmu ya rasu a Tsibiri yana da arba'in da tara, cikinsa ya kumbura, aka ce jifa ne. Ƙanwarsa Gwaggo Malika jini ya ƙi tsaya mata, ta tafi tana da arba'in da biyar. Yayanmu Shamsu arba'in da ɗaya, ciwon ciki. Duk wanda na ambata sai ta cike zanensa da baƙi.

Sai ta tambaye ni ni fa. Na ce lafiyata ƙalau, in ban da aikin da aka yi mini shekara tara da suka wuce aka cire mahaifa, an gama, an wuce wurin. Ta tambayi abin da aka samu a ciki. Na faɗa. Ta cike zobena da baƙi ina kallo. Ban ji daɗin hakan ba.

Ta yi mini bayani a tsanake. Akwai irin wannan ciwo da ke bin jini, uba ko uwa su ba ɗa kamar yadda suke ba shi tsawo. Kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Ga maza yawanci a hanji yake fitowa, ga mata a hanji ko a mahaifa, kuma yana zuwa da wuri, tun mutum bai kai hamsin ba. Yana farawa da ɗan tsiro marar zafi, in an gan shi da wuri sai a tsinke shi a huta. Jan nama kullum, da taba, da ƙiba, da yawan zama suna ƙara masa ƙarfi, amma ba su ne tushensa ba. Gwajin jinin da zai tabbatar sai an aika waje, ta ce kada mu jira shi. Duk ɗanmu da ya kai ashirin da biyar ya zo a duba hanjinsa da siririn bututu mai kamara, ni ma haka.

Ta ce in faɗi 'ya'yana. Na ce Salima da Hafizu. Ta zana biyu.

Da muka gama ta ce ba ta taɓa samun takarda mai cika irin wannan ba, har ta nemi izinin nuna wa ɗalibanta in ta rufe sunaye. Na ba ta. Ta ba ni kwafi ɗaya, na sa a jaka na fito ina jin kaina.

Juma'a, 5 ga Satumba, da safe

Biyu na ce mata. Duk macen kirki haka za ta ce.

Lahadi, 7 ga Satumba, bayan la'asar

Na je Tsibiri na tara 'ya'yan Shamsu a ƙarƙashin bishiyar bedin tsakar gida. Da mazan suka ji ta inda ake sa bututun, sai kowa ya fara neman takalminsa. Na ce su zauna. Na tuna musu rabinsu ni na koya musu fyace majina, babu abin da za su ɓoye mini. Wata tsohuwa ta ce ai kowa ya san jifa aka yi wa Baba. Na tambaye ta wane irin jifa ne ke bin ɗa da ƙanwa, har ya iske ni a ɗakin mijina a Maraɗi bayan shekara ashirin.

Mutum bakwai na rubuta, duk sun yarda. Gidanmu ba ya ɓuya a taro, dogaye ne mu, masu kai, kuma in aka faɗa mana gaskiya muna ɗauka ko da ɗaci. Yau na yi alfahari da su.

Talata, 9 ga Satumba, bayan azahar

Salima ta ga takardar a kan gadona. Ta bi ta da yatsa har ƙasa, ta ɗago ta ce, "Mama, ina Yaya na Jiratawa?" Na ce ta ninke mini takardata ta mayar inda ta gan ta.

'Yan yanzu ba su san komai ba. Ɗan fari ne. Ranar da aka yaye shi, yayar marigayi maigidana, Yaya Saudatu, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta zo da sabon zane ta goya shi ta tafi da shi Jiratawa. Shekara talatin da huɗu ke nan. Ɗanta ne, ita ta aurar da shi, 'ya'yansa ita suke kira Kaka. Ni ban taɓa faɗin sunansa ba, ban taɓa ƙirga shi cikin nawa ba, ban taɓa ɗaga ido na kalle shi a gaban mutane ba. Ko a aji, in ina kiran suna na iske yaro mai irin sunan, da sunan ubansa nake kiransa. Shi kuma Madam yake ce mini kamar kowa a Maraɗi.

Matan Tsibiri da ni suke yi wa 'ya'yansu misali, suna cewa ga wadda ta yi boko har ƙarshe amma boko bai ci kunyarta ba. Ba zan ɓoye ba, wannan maganar ta fi mini takardar yabon da aka ba ni ranar da na bar aiki.

Kuma ma shi manomin garka ne. Daga asuba yana cikin ruwa da taɓo, jikinsa kamar sanda. Tamakka, wadda 'yan Najeriya ke ce wa zogale, ita yake nomawa, ita yake ci. Ba irin Illo ba ne.

Laraba, 10 ga Satumba, da hantsi

Ba ya shan taba. Ba shi da tumbi. Nama sai ranar sallah.

Asabar, 13 ga Satumba, bayan magariba

An sallami Illo, gidansa ya cika da 'yan dubiya. Yaya Saudatu ta zo da buhun busasshiyar tamakka, ta dire a gabansa, ta ce wannan ciwon 'yan birni ne masu zama a kujera suna cin balangu, ya koma cin ganye kamar mutanen kirki. Aka yi dariya.

Ina zuba wa baƙi fura sai na ji tana gaya wa matar Illo cewa yaronta ma basir ya taso masa tun farkon damina, yana ganin jini, amma ta jiƙa masa sassaƙe, da sauƙi. Na ci gaba da zuba fura. Na cika kwanon da ke hannuna, na miƙa, na ɗauki wani. Uwa ba ta tambayar lafiyar ɗan fari a cikin taro. Na tambaye ta gwiwarta, ta ce tana nan tana fama.

Lahadi, 14 ga Satumba, da rana

Ban ci abinci ba. Zafi ne ya yi yawa.

Litinin, 15 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

An duba ni, an duba Salima da Hafizu. Babu komai, alhamdu lillahi. Maganin wanke cikin da ake sha kafin a yi shi ne azaba, aikin kansa ba wani abu ba ne.

Kafin in fito na tambayi lokotoro, na ce wata maƙwabciyata ce ta aiko ni. Mutumin da ke cin ganye kullum, yana aikin ƙarfi, ba taba ba ƙiba, shi ma zai iya kamuwa in abin yana gidansu? Ta ce irin wannan rayuwa tana rage haɗari, amma ba ta goge abin da aka haifi mutum da shi. Ta ce a irin wannan gida in an ga jini ba a jira, ba a kuma ce masa basir sai an leƙa an gani. Ta daɗe tana kallona.

"Madam, akwai wanda muka manta?"

Na ce mata ni ba na mantuwa. Ban yi ƙarya ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan la'asar

Na aiki Salima Jiratawa. Na ce ta gaya masa lokotoro na neman duk dangi, kada ta ce ni na aiko ta.

Ta iske shi a garka. Ya ce ta nuna masa takardar, ya wanke hannu ya karɓa, ya karanta ta daga sama har ƙasa. Sai ya yi dariya ya miƙa mata, ya ce, "Babu ni nan ciki. Madam ba ta kuskure. Da abin ga ya shahe ni, da ta rubuta ni." Ya ce kuma ga yankan ganye ya kama, ba shi da ranar ɓatawa a layin asibiti.

Salima ta dawo idonta jawur. Ta tsaya a kaina ta ce kunyata za ta kashe shi, kuma matan Tsibiri da ke yabona ba su za su haƙa kabarin ba. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba sai yau. Na kore ta daga ɗakin. Zuciyata ce ta ɗauko, babu inda ta bar ni, kuma ko yanzu da nake jin haushinta ina jin daɗin ni na haife ta.

Madam ba ta kuskure. Ni na koya wa garin nan faɗin haka.

Juma'a, 19 ga Satumba, bayan azahar

Na shimfiɗa takardar, na ɗauki alƙalamin bik. Akwai wuri a gefen Salima, daidai ɗan akwati ɗaya. Na daɗe a zaune. Na mayar da bik ɗin.

Ina jin tsoro. Na rubuta shi a nan tunda ba mai gani.

Lahadi, 21 ga Satumba, bayan magariba

Na je.

Hafizu ya kai ni a babur. Na iske tsakar gidan Yaya Saudatu cike da mata sun fi goma, sun baje tabarmi suna zage ganye, biyu daga cikinsu 'yan Tsibiri ne da aure ya kawo su nan. Na so a ce gidan babu kowa. Aka ba ni kujera, muka gaisa, muka yi zancen ruwa da gero. Can sai ga shi ya shigo, ƙafafunsa duk taɓo. Ya durƙusa daga nesa kamar kullum ya ce, "Madam, an zo lahiya?" Ya miƙe zai wuce.

Na ce, "Idirisa."

Duk hannuwa suka tsaya a cikin ganye. Muryar aji ce ta fito mini, ba ni da wata. Na ce ya zo ya zauna, ya zo ya zauna a bakin tabarma, kansa a ƙasa.

"Ni na haihe ka," na ce. "Wata tara kana cikina, shekara biyu kana shan nonona. Abin da ya kashe Baba da Shamsu, ya kada Illo, shina jikina, kuma mai yiwuwa na ba ka shi. Ban rubuta ka ba don kunya, ba don ba ka ciki ba. Kuskure na yi."

Na ɗora takardar a gwiwata, na zana akwatin a gefen Salima, na rubuta sunan da manyan baƙaƙe, na juya masa ya gani. Rubutun bai yi kyau ba.

Yaya Saudatu ta tashi ta shiga ɗaki ta saki labule. Shekara talatin da huɗu ba wanda ya taɓa faɗin wannan maganar a gidanta. Na je bakin ƙofa na yi mata sallama sau biyu, ba ta amsa ba. Shi ya rako ni har wurin babur, sai da na hau ya tambayi ranar da zai zo asibiti.

Talata, 23 ga Satumba, da hantsi

Labari ya riga ni isa Tsibiri. Wata ta kira ni a waya tana tambaya ko lafiyata ƙalau, an ce na yi abin da ba a yi. Na ce lafiya lau, na gode da kulawa.

Su ba su dame ni ba. Yaya Saudatu ce ke raina. Ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta kai shi makaranta, ita ta yi masa tarbiyyar da ban tabbata zan iya yin irinta ba. Na shiga gidanta na tuna mata abin da kowa ya yi mata kara ya bar faɗi. Ban yi nadama ba, amma abin ya yi mini ciwo.

Alhamis, 25 ga Satumba, da yamma

An ba shi randebu, wato ranar zuwa asibiti, Litinin mai zuwa. Salima ta kai masa garin maganin wanke ciki. Ta ce Gwaggonta Saudatu ce ta karɓa.

Litinin, 29 ga Satumba, bayan la'asar

Tare suka zo. Ashe ita da kanta ta dama masa maganin jiya, ta tsaya a kansa har ya shanye, ta hana kowa ɗora tukunya a gidan don kada ya ji ƙamshi. Aka shiga da shi. Muka zauna a benci ɗaya, ita a wancan bakin, ni a wannan, ba mai kallon wata.

Bayan kusan awa ɗaya majo, ma'aikacin jinya, ya leƙo ya ce uwarsa ta shigo. Na kalli ƙafafuna. Yaya Saudatu ta miƙe da gwiwar nan tata, ta yi taku biyu, ta dawo ta damƙi wuyan hannuna.

"Tashi, marar kunya. Ni ba ni jin abin da su ka hwaɗi."

Lokotoro ta nuna mana hoto. Tsiro huɗu ta samu, uku ƙanana kamar ƙwayar wake, ɗaya ya kai dabino, shi ne mai jinin. Ta cire su duka ta bututun, ba a yanka shi ba. Za a aika su Yamai a duba, sai nan da mako biyu. Ta karɓi takardata ta kwafi sabon akwatin a tata, ba ta tambaye ni labarin maƙwabciyata ba. Yarinyar tana da tarbiyya.

Alhamis, 2 ga Oktoba, da safe

Shiru daga Yamai.

Litinin, 6 ga Oktoba, bayan azahar

Illo ya fara karɓar maganin da ake sawa ta jijiya. Ya bar taba, yana ta mita, ya ce an mai da shi akuya da cin ganye. Na ce akuyar ma ta fi shi hankali, ita ba ta ɓoye ciwo shekara biyu. Cikin 'ya'yan Shamsu an duba biyar, an tsinke wa ɗaya tsiro, saura biyu, kuma ba za su tsere mini ba.

Yaya Saudatu ta aiko mini da sabuwar gujiya kwano biyu, babu saƙo.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da rana

Shiru. Na wanke labulen da na wanke shekaranjiya.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan la'asar

Sakamako ya zo. Ƙananan ukun babu komai. Babban ya fara juyawa, amma bai yi saiwa ba, kuma an cire shi gaba ɗaya. Lokotoro ta ce da an ƙara damina ɗaya, da wata magana muke yi yau. Zai dawo bayan wata shida, daga nan duk shekara har iyakar rayuwarsa, 'ya'yansa uku kuma in sun girma su ma za a fara duba su. Yaya Saudatu ta ce a ba Madam takardar randebu ta riƙe, tunda ita ce mai baki.

Ta tsaya gaisawa da wata a ƙofar asibiti, muka rage ni da shi a inuwa. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu, sannan ya ce, "Ran da Salima ta nuna mini takardar nan, dariya na yi mata. Amma kwana biyu ban shiga garka ba. Na san kunya ce, ban ga laihinki ba. Na dai so in gan ni ciki."

Sai na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga kai na kalle shi sosai, ban kau da ido ba, ga mutane suna wucewa. Ya fi ni tsawo da yawa. Mutum ne cikakke, mai natsuwa, wanda kowace uwa za ta so a ce nata ne. Sai na ga ashe har ya fara furfura a gefen kunne, sili biyar ko shida, ban san yaushe suka fito ba.

Baba bai kai ga farin kai ba. Shamsu bai kai ba. Tunda nake ban taɓa ganin namijin gidanmu da kai fari fat ba. Wannan zan gani in Allah ya ba ni kwana, ko da sai na je Jiratawa duk shekara na kira shi da sunansa a gaban garin duka.